Faɗin Ganga Goma

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ki a ido ba. Da fatan ke da aikin dam ɗinku kuna lafiya, sauron da kika yi mini ƙorafinsa kuma ya yi sauƙi. Ni ga ni nan, gwiwa tana ƙara amma ina tashi. Innarki jiki alhamdu lillahi. Hannun hagu bai dawo ba tukuna, ƙafar tana ɗan ja, baki kuwa ya dawo sarai, har ya fi da.

An sallame ta daga asibiti, sai dai likita ya ce ba ita ba matakala. Kin san gidanmu, shagon walda a ƙasa, mu a hawa na biyu. Shi ke nan yayanki ya ɗauke ta ya kai gidansa, ya sa ta a ɗakin baya kusa da famfo. Mota biyu nake hawa kafin in gan ta. Shekara talatin da takwas ban taɓa karya kumallo ni kaɗai ba sai bana. In na hau sama ɗakin ya yi mini faɗi, in na sauko shago in rasa abin da na zo ɗauka. Ina kewarta, ba zan ɓoye miki ba.

Mai gida ya ba ni wata biyu, ko in ce masa muna nan, ko in miƙa makulli, don akwai mai son wurin. Yayanki ya ce in miƙa in huta. Na ce masa sai na mai da uwarsa ɗakinta. Da ya ga ba zan sauko ba, ya ce in abin da nake ƙerawa ya yi aiki a gaban idonsa ya yarda, in bai yi ba in bar maganar har abada.

Ga abin da nake yi. Kin tuna ramin nan na tsakiyar matakala da kike jefo mini hula ta ciki? Na kafa dogayen ƙarafa biyu a ciki, na ƙera kujera mai bin su. A can sama akwai ganga da za ta riƙa naɗe igiyar ƙarfe tana jan kujerar. Tsayin wurin ƙafa ashirin. Kujera kilo hamsin. Innarki sittin da takwas a ma'aunin asibiti, kada ki ce ni na faɗa. Faɗin ganga goma. Saura inji. Mai ƙarfin doki nawa zan nema? Ni a ganina biyu ko uku, amma tunda mun yi asararki ga boko, bari mu mori abinmu. Ki ba da amsa a motar kayanku ta wannan makon.

Kawunki

*

Kawu,

Na karɓi wasiƙarka da hannu biyu. Ina gaishe ka da ƙoƙari, ina gaishe da Inna da jiki, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, rana ce kawai ta mai da ni wata iri. Har yanzu ba sabis na waya a nan, sai dai takarda.

Na karanta sau uku, na ukun da hawaye, sannan na ɗauko biro. Kawu, tambayarka ba ta doki ba ce kaɗai. Doki abu biyu ne aka haɗa, ƙarfin murɗa da saurin juyi. Inji biyu za su iya zama doki ɗaya ɗaya, wannan ya murɗa da ƙarfi a hankali, wancan ya yi ta gudu ba ƙarfi. Mu na farkon muke so. Kai ka koya mini in noti ya ƙi kwancewa a sa wa sifana bututu a tsawaita hannunta. To a kan ganga, nauyi ne ke riƙe da sifanar, rabin faɗin ganga shi ne tsawon hannunta. Ganga ta ƙara faɗi, nauyi ya ƙara samun galaba a kan inji.

Ba zan cika ka da sunayen awo ba, ka riƙe lambobi kawai. Na ɗauki nauyi kilo ɗari da hamsin don a bar rara. Rabin goma biyar ne. In na haɗa su, murɗar da ganga ke bukata saba'in da biyar ce. Murɗar inji kuwa, ka ninka dokinsa sau dubu bakwai, ka raba da juyinsa a minti, yana rubuce a ɗan farantin da ke jikinsa. Inji mai doki ɗaya da ke juyi dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin zai ba ka kusan biyar. Ka haɗa shi da akwatin giya mai rage gudu sau talatin, biyar ta zama ɗari da hamsin. Giya za ta ci kashi ɗaya cikin uku, a bar mu da ɗari. Ɗari ta fi saba'in da biyar, ka ga doki ɗaya ya isa har da canji. Kujera za ta kai sama cikin daƙiƙa ashirin da biyar, tafiyar da ba za ta tsorata Inna ba.

Roƙona biyu. Ka sa birki da igiya ta biyu. Kuma kada ɗan Adam ya zauna a kujerar nan sai ta ɗaga buhun siminti biyu sau goma ba gardama. Na san ka, Kawu, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin wannan.

'Yarka

*

Injiniya,

Gaisuwa a taƙaice yau, don raina ba daɗi. Innarki lafiya, ta fara riƙe cokali da kanta. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci.

Na yi duk yadda kika ce. Na tono inji mai doki ɗaya a cikin tarkacena, juyinsa daidai da naki, na karanta farantin da tabarau biyu. Akwatin giya na samu wurin abokina mai injin niƙa. Birki na sa, igiya ta biyu na sa. Kujera ba kowa a kai, ta tashi tsaf, kafin in ƙirga goma ta kai sama. Na ce a raina yarinyar nan ta ma rage wa kanta, abin ya fi lissafinta sauri.

Da na ɗora siminti biyu sai labari ya canza. Injin ya yi gurnani, ya ɗaga kamar taku uku, ya tsaya yana rawa. Na kashe, na sake, haka. A karo na uku na ji ƙauri, na taɓa jikinsa na ɗauke hannu ba shiri. Telan hawa na ɗaya ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Kwana goma sha takwas sun tafi a cikin wata biyun. Jiya yayanki ya biyo ta shago, ya kalli buhunan a rataye, ya juya ya tafi, ni kuwa da ya zage ni ya fi mini. Tun farko na ce biyu ko uku. Ki sake duba takardarki ki faɗa mini inda aka kwana.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ka ce mata ina ci. A tsaye nake rubutun nan, famfonmu babba ya tsaya tun jiya, direba kuma yana ta danna mini ham.

Na sake bin lissafin sau biyu, daidai yake, ba inda ya karkace. In doki ɗaya ya kasa, to matsalar tana wurinka. Ka duba aikin hannu: ko ƙarafan ba su miƙe ba kujera tana cijewa, ko birki yana kamawa, ko giyar ba mai. Don Allah kada ka ƙara doki, ba nan ciwon yake ba. Ka duba ka rubuto.

'Yarka

*

Kawu,

Ina fata lafiya. Motar kaya ta zo sau biyu ba takardarka. Na sa direba ya zazzage jakarsa a gabana, har ya ji haushi. Ko jikin Inna ne? Ko naka? Na hau dutsen da ake cewa waya tana kamawa, na tsaya awa guda da hannu a sama, ko ɗigo.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Jiya na ɗaura noti na kwance shi sau uku ina tunanin matakalar nan. In wani abu na faɗa da bai yi maka daɗi ba, ka yi haƙuri, cikin sauri na rubuta. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

'Yarka

*

Injiniya,

Muna lafiya, ni da Innarki. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba.

Kin ce matsalar tana wurina, in duba aikin hannu. Na gode. Shekara arba'in da ɗaya ina walda, ƙofar da na yi kafin a haife ki har yau ba ta sauka ba, amma na duba. Na sa igiyar magina a jikin ƙarafan, a miƙe suke. Birki ba ya taɓa komai. Giya ta sha mai har tana zubarwa. Maganar ta yi mini zafi, gara in faɗa miki da in bar ta a ciki. Ni na riƙe hannunki kika fara rubuta ɗaya da biyu a kan bencina.

To na bi hankalina na jahili. Na cire injin famfon da ke bayan shago, doki uku, farantinsa ya ce juyi dubu biyu da ɗari tara. Na ɗaura shi a kan giyar nan. Siminti biyu, ya ɗauke su ya kai sama kafin in ƙirga biyar. Yana ɗan ɗumi, yana ɗan buga kai in ya isa, amma ya kai. Sau goma na yi, kamar yadda kika ja layi. Buhu ɗaya ya fashe a na bakwai, laifin buhun ne.

Kwana goma sha biyu suka rage. Alhamis ta mako mai zuwa yayanki zai zo, zan hau da kaina a gabansa. Asabar in ɗauko Innarki. Na share ɗakin, na wanke labule, na mai da gadon kusa da taga. Ba ta sani ba tukuna, so nake ta gani da idonta.

Ba fushi nake ba yanzu. Amma ki sani doki doki ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ka yafe mini, gaisuwa a baya. Kada ka hau kujerar nan. Kada ka hau, kada Inna ta hau, kada kowa ya hau.

Laifina ne, ba naka ba. Da na ga ka rubuta ta kai sama kafin ka ƙirga biyar, sai na ɗauko tsohuwar wasiƙarka. Ka faɗa mini kujera ta kai sama kafin ka ƙirga goma, ni kuwa na ce ashirin da biyar. Na karanta a lokacin, na ce a raina ƙirgen baki ne na tsoho, na wuce. Ashe gaskiya ka faɗa. Ba abin da zai sa ta yi wannan saurin sai in ganga ta fi yadda na ɗauka faɗi sau biyu da rabi. Kawu, goma ɗinka inci ne. Ni na ɗauke shi santimita, don da shi muke aiki a nan. Inci goma santimita ashirin da biyar ne da ɗoriya. Ka rubuta mini tsayi da ƙafa, wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni. A shagonka na tashi, na san tef ɗinka, amma na manta. Sannan na ce maka ka duba aikin hannu. Kunya ta ishe ni.

Murɗar da gangarka ke nema ba saba'in da biyar ba ce, ɗari da casa'in ce. Shi ya sa ƙaramin injin ya durƙusa da ɗarinsa. Babban kuma ba abin da kake zato ba ne. Dubu bakwai sau uku, a raba da dubu biyu da ɗari tara, bakwai ne da kaɗan. Daga biyar zuwa bakwai kawai ka matsa. Bayan giya ɗari da arba'in yake bayarwa, da ƙyar da yunƙuri yake cike sauran, ɗumin da kake ji ke nan. Ragowar dokin duk gudu ya zama. Ƙafa ashirin a daƙiƙa biyar, kafin yatsanka ya bar makunni kujera ta wuce inda kake so. Buhun nan ba laifinsa ba ne, duka ya sha.

Gyaran ba wuya. Ka mai da ƙaramin injin. Ka cire gangar, ka yi wata da bututu mai faɗin inci huɗu, inci, na rubuta da baƙaƙe. Komai zai zauna yadda na faɗa tun farko. Aikin kwana biyu ne a hannunka, lokaci bai ƙure ba.

Ruwa ya cinye hanyarmu, motar kaya ba za ta fita ba. Na bi direban tankar mai da ya ce zai zaga ta wata hanya, na roƙe shi kamar zan durƙusa. Ya ce Laraba in Allah ya yarda. Na sake hawa dutse don in kira Yaya, ba sabis. Tun safe nake zagaye ɗakin nan, abokiyar kwanana ta ce in zauna ina sa mata jiri.

'Yarka mai neman gafara

*

'Yata,

Sallama, da gaisuwa mai yawa daga ni da Innarki. Ki kwantar da hankalinki kafin ki ci gaba, ina raye, da hannuna nake rubutu.

Takardarki ta iso Juma'a. Mai tanka ya yi ƙoƙari, taya ce ta fashe masa, har asibiti ya biyo ni da ita.

Alhamis na hau. Yayanki yana tsaye a ƙasa da hannu a aljihu. Na danna, cikina ya rage a ƙasa, na ga ƙofar tela ta wuce, na ga tamu, na saki makunni, kujerar ba ta san na saki ba. Ta daki ƙarfen sama ta watso ni kan matakala. Ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa, wuri biyu. Igiya ta biyun da kika ce in sa ita ta riƙe kujerar, ba don ita ba da ta biyo ni. Yayanki ne ya goyo ni ya sauko da ni hawa biyu. Har muka isa ƙasa bai ce ai na faɗa maka ba.

Da na karanta wasiƙarki na sa aka kawo mini tef ɗina daga shago. Na ja shi zuwa goma, na kalli ɗaya gefen, ga ashirin da biyar zaune. Shekara arba'in da ɗaya yana aljihuna ban taɓa kallon wancan gefen ba. Na yi dariya har mai jinya ta leƙo, daga nan kuma abin ya juye ya zama ba dariya ba. Kada ki ɗauki laifin nan ke kaɗai. Ke ba ki tambaya ba, ni ban faɗa ba, da kika ce kada in ƙara doki kuma na ƙara don in nuna miki. Abin da ke hana ni sukuni shi ne Asabar. Da na ce ba sai na gwada ba, da Innarki ce a kai.

Likita ya ce wata uku kafin in taka, matakala kuwa kada in sa rana. Na so in ce a yi gangar inci huɗun, na ma buɗe baki, sai na ga fuskar yayanki na rufe. Alkawari ne, a gaban idonsa abin bai yi ba. Ranar Talata ya kai wa mai gida makulli. Abokina mai niƙa ya yanke ƙarafan ya kwashe. Ban je ba, ban kuma tambayi yadda aka sauko da gadon ba.

An shimfiɗa mini katifa a ɗakin Innarki. Kwana biyu ina juya yadda zan gaya mata gida ya tafi, ashe ta riga ni sani, har da maganar kujerar da nake ɓoyewa, matar yayanki tana ba ta labari tun ranar farko. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana ni ba.

Ta ce, "Da na hana ka, me za ka yi a ɗakin nan kai kaɗai? Gara ka yi ta buga ƙarfenka. Amma ko da bindiga ba zan shiga wannan abin ba."

Na ce mata ai don ta koma ɗakinta na yi. Ta yi ta murza bakin zanen gado da hannun mai lafiya. Can ta tambaye ni ko na tuna na cire labulen kafin a ba da makulli. Na ce ban tuna ba. Ta juya fuska bango ta yi kuka, ni ma na taya ta, shi ne kukan gidan da muka yi.

Yanzu tare muke karyawa. Tana yi mini faɗa a kan sandata da nake bari a hanya, ina yi mata a kan maganin da take ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Ɗakin ya yi mana kaɗan, famfo yana ɗiga, na ce a kawo mini sifana an ƙi.

In kin sami hutu ki zo, Innarki tana son ganinki, ni ma haka. Kada ki sauka a tsohon layinmu, wasu ne a sama yanzu. Ki wuce gidan yayanki, ki zaga ta baya. Mu biyu za ki tarar, a ƙasa.

Kawunki